Yadda ake yawon kwale-kwale a Zanzibar ranar komawa gida

Ranar ƙarshe ta hutu tana da wuyar sha'ani. Otal na son ɗakinsu tun da hantsi, jirginka kuma sai yamma ko dare, aljihu ya yi sauƙi, tsaraba an riga an ɗaure. Yawancin mutanenmu da ke zuwa Zanzibar a harabar otal suke ƙarar da wannan yini, suna latsa waya har direba ya zo. Ni shawarata a shiga teku, a leƙa tsibirin Changuu da tudun yashin Nakupenda, waɗanda duk suna daf da tsohon garin Stone Town. Sai dai yawon yana da sharaɗi: lissafinsa daga ƙarshe ake faro shi, wato daga lokacin tashin jirgin sama, sannan a tambayi ruwa ko ya yarda. Wanda ya shiga da ka, yana iya ɗaga kai daga cikin kwale-kwale ya ga jirginsa na wucewa.

Fara da tikitin jirgi

Kwana biyu kafin tafiya ka ɗauko tikiti, ka samu biro da takarda. A ce jirginka zai tashi ƙarfe 6 na yamma. Tafiyar ƙasa da ƙasa ce, ko ta Addis Ababa za ka bi ko ta Nairobi, don haka ƙarfe 3 ya same ka a filin jirgin Abeid Amani Karume. Filin ba shi da nisa da Stone Town, in hanya ta yi kyau minti 20 ya isa, amma ka ware minti 45, saboda mota ba ta shiga lungunan tsohon garin, sai an jawo akwati ko an ɗora wa mai kura har bakin titi. Ka bar otal 2:15 ke nan. Kafin nan akwai wanka, canza kaya, salla da ɗan abin sawa a baki, ka ba su awa ɗaya da kwata, mun dawo ƙarfe 1. Sai ka ƙara awa guda wadda ba taka ba ce, ta teku ce: ta injin da zai ƙi tashi, ta iskar da za ta juya, ta abokin tafiyar da ya tsaya hoto. Sakamakon shi ne ƙarfe 12 na rana ƙafarka tana kan tudu, kuma ƙarfe 8 na safe kun bar gaɓa.

Da wannan lissafi za ka gane abin da ya dace da kai. Mai jirgin dare yana da yini cur, ya haɗa Changuu da Nakupenda har da cin kifi. Mai jirgin yamma ya zaɓi ɗaya, ko ya yi biyun a gurguje. Wanda jirginsa ke tashi kafin la'asar ya haƙura, ya zaga kasuwar Darajani ya sayi kanumfari da kirfa. Haka ma wanda zai tsallaka Darussalam a jirgin ruwa ya hau na sama a can: tsallakawar kusan awa biyu ce, kuma na ƙarshe da la'asar yake tashi, don haka shi ma tekun ya ishe shi a ranar.

Akwai wasu yawon da za a yi ta tallata maka, kamar na mashigin Menai da ake tashi daga ƙauyen Fumba, da na kewayen tsibirin Mnemba a arewa maso gabas. Suna da kyau ƙwarai, amma suna cinye yini, kuma da tafiyar mota a ciki. A yi su a tsakiyar hutu. In kuma masaukinka na Nungwi ko Paje, ka tattaro ka kwana daren ƙarshe a Stone Town. Daga Nungwi kaɗai tafiyar awa ɗaya da rabi ce, ba abin da za ka so ka ɗora wa safiyar ba ne.

Sai a tambayi ruwa

Mu da muka tashi nesa da teku, abin da muka sani shi ne kogi ya cika da damina ya janye da rani. Teku kuwa sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kowane yini da dare, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. A Zanzibar bambancin ba na wasa ba ne, yakan kai mita huɗu tsakanin cika da janyewa. Masu jirgi suna kiran cikar da "maji kujaa", janyewar kuma "maji kupwa". Ka riƙe waɗannan biyun, za ka ji su da yawa.

Dalilin damuwa da wannan shi ne Nakupenda. Ba tsibiri ba ne mai bishiya da gini, tudun farin yashi ne tsakiyar ruwa, wanda ke fitowa in teku ya janye, ya nutse ko ya rage ɗan tsito in ya ciko. Sunan ma'anarsa "ina son ki" ko "ina son ka", shi ya sa amare da angwaye ba sa barin sa. In ka je a kan kuskuren lokaci, nahodha, wato direban jirgin, zai nuna maka ruwa ya ce ga shi nan a ƙasa.

A nan Bahaushe yana da wata dama da Bature ba shi da ita, domin mun san kwanan wata. Wata ne ke jan teku. A farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, wajen 1 da 15, cikar tana yin ƙarfi, janyewar ma haka. Masunta suna kiran kwanakin "bamvua". A irin waɗannan ranaku janyewar kan faɗo da hantsi, tudun ya fito fili fetal daidai lokacin da kake so, amma in ruwa ya juyo bayan azahar da gudu yake zuwa. A wajen 8 da 22 ga wata kuma ruwan ya yi sanyi, bai cika sosai, bai janye sosai, shi ne "maji mafu", mataccen ruwa. Ka duba kalandarka, sannan ka tabbatar da jadawalin ruwa na ranar. Yana intanet, otal-otal da yawa ma suna rubuta shi a allo. In janyewar ta faɗo da safe, ku fara da Nakupenda ku ƙare da kallon kunkuru a Changuu. In ta faɗo wajen tsakar rana, a juya tsarin.

Batun iska gajere ne. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa ce, Kaskazi. Daga wajen Afrilu zuwa Oktoba ta kudu ce, Kusi, wadda ta fi ƙarfi a Yuni zuwa Agusta. A kowane lokaci safiya ta fi lafawa, yamma ta fi tashin igiya. Afrilu da Mayu kuwa tsakiyar babbar damina ne, Masika. In ka wayi gari sama ta haɗe, ko ka ga masu jirgi na zaune suna kallon ruwa ba wanda ya kunce, kada ka nemi wanda zai yi maka jarumta don kuɗi.

Neman jirgi da ciniki

Wannan aikin jajibiri ne, bayan la'asar. Ka gangara bakin ruwa kusa da lambun Forodhani, gaban tsohuwar ganuwar da suke kira Ngome Kongwe. Nan jiragen suke jere, na katako, da inji a baya da rumfar tamfol a sama. Kafin ka kai ga ruwa samari za su tare ka. Mutanen gari na kiran su "papasi", wato kaska, aikinsu kuwa sak na 'yan kamashon tasha. Ba abin faɗa ba ne, neman abinci suke, amma duk abin da ka biya ta hannunsu da rabonsu a ciki, kuma gobe in an samu matsala ba lallai ka gan su ba. Ka yi sallama, don garin Musulmi ne kuma sallama na buɗe fuska, ka ce kana son ganin nahodha da kansa. In dattijo ne ka gaishe shi da "shikamoo", zai amsa "marahaba", ka ga ciniki ya fara da daɗi. Wanda ba ya son wannan zirga-zirga ya sa otal su haɗa shi; zai biya fiye, amma yana da wanda zai riƙe.

A ranar ƙarshe shata ake yi. Jirgin haɗaka ya fi arha, amma tamkar motar tasha yake, sai ya cika yake tashi, sai kowa ya gama yake dawowa, kuma cikin fasinjojin ba wanda ya damu da jirginka na ƙarfe 6. In ku huɗu ne ko biyar, kuɗin shatar da an raba ba ya da nauyi.

Wajen ciniki "bei gani" na nufin nawa ne, "punguza" kuma rage mini. Sauran Bahaushe ba a koya masa. Abin da ake mantawa shi ne tambayar me da me kuɗin ya ƙunsa. Na jirgi ne gaba ɗaya ko na kowane kai? Kuɗin shiga Changuu yana ciki, ko a can za a biya? Abinci da ruwan sha fa? Tabaran ruwa da bututun numfashi na leƙen kifi, kyauta ne ko haya? Duk amsar da ya bayar ka rubuta ta a WhatsApp ka tura masa yana tsaye, ya amsa. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, cikon sai an dawo da kai gaɓa. Ka tanadi shilin ɗin Tanzaniya ƙanana, don a bakin ruwa canji ba ya samuwa sai in kai ne za ka bari.

Yanzu ga inda na taɓa faɗawa. A zuwana na farko na tambayi wani nahodha ƙarfe nawa za mu tashi, ya ce "saa mbili". Na riga na koyi ƙirga, na san "mbili" biyu ne, na ce madalla. Washegari na yi barcina, na zaga kasuwa, na iso bakin ruwa ƙarfe 2 na rana ina taƙama da cika alkawari. Ashe bawan Allah tun 8 na safe ya jira ni, ya gaji ya kwashi wasu. Masu jin Swahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, saboda kusa da tsakiyar duniya rana kusan kullum wajen ƙarfe 6 take fitowa. Ƙarfe 7 na safe shi ne "saa moja", awa ta ɗaya. 8 "saa mbili". 12 na rana "saa sita", wadda kunnen Bahaushe zai ji kamar shida. Dabarar ita ce ka dubi lambar da ke kallon wadda aka faɗa a fuskar agogo. Kafin alƙalamina ya tafi, ban kuma iya cewa komai ba don laifina ne. Allah ya so ba ranar tafiya ba ce. Tun daga nan lokaci a waya nake rubuta shi da lamba, in nuna wa mutum, ya gyaɗa kai. Ka kuma tabbata agogon hannunka ya bar lokacin gida, don Zanzibar na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu.

Kafin ka bar wajen, ka ce a nuna maka jirgin da za ku shiga, ba ɗan'uwansa ba. Ka ƙirga rigunan ceto, "maboya" a bakinsu, ka ɗaga ɗaya ka duba igiyoyinta. In da yara, ka tambayi masu girman yara, don ta babba zamewa take ta kan yaro. Ka ga jarkar man ajiya da idonka. Ka tambaya ko su biyu ne a jirgin, don in inji ya tsaya ɗaya na gyara ɗaya na kula da ruwa. Kada ka ji nauyin wannan bincike. Zanzibar ba ta manta da jirgin Spice Islander da ya nutse ranar 10 ga Satumba 2011 tsakanin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, da tsibirin Pemba saboda lodin da ya wuce kima ba, mu ma kusan kowace damina muna jin irin wannan labari daga Neja da Kebbi. Nahodhan kirki ba ya fushi don an tambaye shi rigar ceto.

Daren jajibiri

Ka ɗaure kaya gaba ɗaya kamar da asuba za ka tafi, ka biya kuɗin otal, ka nemi alfarma biyu: su ajiye maka akwati, su kuma ba ka wurin wanka in ka dawo. Wasu za su bar maka ɗakin zuwa azahar da ɗan ƙari, wasu suna da banɗakin baƙi. Kada ka raina wannan. Ruwan gishiri in ya bushe a jiki ƙaiƙayi yake, ga yashi a inda ba a faɗa, ga zaman jirgi na awanni a gaba. Kayan da za ka sa na tafiya ka ware su a sama.

Fasfo ba ya shiga teku. Ka damƙa shi a ma'ajiyar otal tare da katin rigakafi da sauran kuɗi, ka ɗauki hotonsa a waya. Don kada saurin tafiya ya sa ka manta, ka sa ƙararrawar waya a kan ƙarfe 2 da sunan "fasfo". Ka yi magana da direban da zai kai ka filin jirgi tun yanzu, shi ma lokaci da lamba.

Jakar teku ƙarama ce: ruwan sha fiye da yadda kake zato, hula mai faɗi, tawul, zanen da za a yi salla a kai, man kare fata daga rana, waya cike da caji a cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Baƙar fata ma tana ƙonewa a teku, don rana na dukanka daga sama, ruwa da farin yashi na mayar maka da ita daga ƙasa. Wuya da hanci ne ke fara saɓa. Leda kuwa haramtacciya ce a Tanzaniya tun Yunin 2019, don haka jiƙaƙƙen kaya a naɗe su a tawul. Mai saurin jiri ya sha maganinsa kamar awa ɗaya kafin tashi, ya sani yana kawo barci. Ɗanyar citta a baki ma tana taimakawa. A karya da abu mara maiƙo, kada a shiga da yunwa kuma kada a cika ciki.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: nutso mai zurfi da tukunyar iska a baya. Wanda ya yi irin wannan nutso ana so ya jira aƙalla awa 12 kafin ya hau jirgin sama, in ya maimaita nutson kuma 18, saboda iskar da ta narke a jini tana iya kumfa in an yi sama. Leƙen kifi daga saman ruwa da tabarau ba ya cikin wannan hani.

Shiga jirgi

Ba gada a wurin. Jirgin zai matso iya yadda zai iya, kai kuma ka taka ruwa zuwa gwiwa ka hau ɗan tsani. Don haka kaftani da babbar riga su zauna a akwati. Wando mai naɗuwa da riga mai dogon hannu mara nauyi sun fi. Hajiya ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, da hijabi gajere, domin dogon in ya sha ruwa nauyi yake yi yana naɗe ƙafa. Takalmin roba mai maɗauri ya fi silifas, wanda igiya ɗaya ke rabawa da mai shi. A miƙa yara da jaka tukuna, sannan manya. Kowa ya ɗaura rigar ceto kafin a ta da inji, a zauna inda nahodha ya nuna, don shi ya san yadda nauyi ke daidaita. Mai jiri ya zauna tsakiya, ya kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ya bar waya.

Da kun ɗan yi nisa ka waiwaya, don wannan kallon na cikin abin da ka biya. Garin gaba ɗaya zai shimfiɗu a gabanka: ganuwa, hasumiyoyin masallatai, tagwayen hasumiyar cocin Katolika, da Beit al-Ajaib, gidan sarautar da Sarkin Zanzibar Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020. Ruwan da kake kai a lokacin shi ne inda jiragen yaƙin Ingila suka tsaya ranar 27 ga Agusta 1896 suka yi wa fadar Khalid bin Barghash ruwan wuta, yaƙin da bai cika minti 45 ba aka gama. Ana cikin haka za ku gifta jahazi, babban jirgin katako mai farin tanti ya kumbura da iska, da ƙananan ngalawa na masunta masu fukafukin katako hagu da dama.

Changuu

Tazarar ba ta kai kilomita shida ba, kamar rabin awa. Turawa da masu talla suna kiran wurin tsibirin kurkuku, amma Changuu sunan wani kifi ne da ke yawa a kewayen. Tsibirin ɗan mitsitsi ne, tsawonsa kamar mita 800. A shekarun 1860 Sarki Majid ya ba wasu Larabawa biyu shi, suka riƙa tsare bayin da suka yi taurin kai a ciki. A 1893 Lloyd Mathews, Baturen da ke riƙe da muƙamin babban wazirin sarki, ya saye shi aka gina gidan yari, amma ba a taɓa kulle fursuna a ginin ba. Sai aka mai da shi wurin killace matafiyan da ake jin tsoron sun ɗauko annoba, irin su zazzaɓin shawara. Ginin na nan, minti 15 ya ishe ka zaga shi.

Abin zuwa gani dai kunkuru ne. A 1919 gwamnan Ingila na Seychelles ya aiko da guda huɗu kyauta, irin na tsibirin Aldabra. Suka hayayyafa har wajen 200 a 1955, sannan ɓarayi suka yi ta ɗauka har suka koma bakwai a 1996, kafin a killace su a sake raya garken. Duk wanda ya saba da kunkurun tatsuniya wanda ake ɗauka da hannu ɗaya, zai ja da baya. Babban namiji yakan kai kilo 250, bayansa kamar an kife ƙatuwar ƙwarya ta dutse. Na tsaya kusa da wani ina kallon yadda yake miƙo wuya a hankali, fatar duk tamoji kamar tsohuwar jakar fata, idonsa na ruwa-ruwa, yana sauke numfashi mai sauti irin na dattijon da ya hau tudu. A bayan wasunsu an rubuta shekarunsu da fenti, kuma akwai waɗanda suka haura ɗari nesa ba kusa ba. Ba a hawa bayansu, ba a kai yatsa kusa da baki, don ba haƙori amma leɓen kaifi ne da shi. Batun ba su ganye, a bi abin da masu kula suka ce a ranar.

Awa ɗaya ta isa. Kafin ku koma jirgi kowa ya zaga banɗaki, yara musamman, don inda za a je ba ko bishiyar da za a fake.

Nakupenda

Daga nesa kamar an zuba gari a kan shuɗin tire. Ba inuwa sai rumfar da ma'aikatan jirgi za su kafa da sanduna, ba ruwan sha sai wanda ka zo da shi. Da saukarku ka tambayi nahodha yaushe ruwa zai juyo, ka kuma maimaita masa lokacin tashi.

Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya inda bai wuce ƙugu ba, da rigarsa a jiki, kuma ya nisanci bakin tudun na can ƙarshe inda ruwa ke ja. Kada kunya ta sa ka bi wasu zurfi. Yawancinmu a tudu muka girma, ba abin ɓoyewa ba ne. Mai son leƙen kifi ya gwada tabaran a ruwa mara zurfi tukuna: a manna shi a fuska, a ciji bututun, a yi numfashi ta baki sannu-sannu. In gilashin na yin hazo a shafa masa yawu a ɗauraye. Ba a taka murjani, don rayayye ne kuma yana yanka. A kula da wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke maƙale a duwatsu. Ƙayarta in ta shiga tafin ƙafa karyewa take a ciki, ka tafi filin jirgi kana ɗingishi. Kifin tauraro masu ja da ke kwance a yashi a bar su cikin ruwa, fito da su don hoto yana kashe su.

In da abinci a cinikinku, a nan za a hura gawayi: kifi, jatan lande, da pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas, da soyayyen dankali, sai abarba da kankana da mangwaro. Ba matsalar halacci, Annabi (SAW) ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Sai dai a yi hankali ta fuskar ciki. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba, ranar hawa jirgi ba ranar gwaji ba ce, don wasu jikinsu na ƙin su har fuska ta kumbura. A ci kifin da ya gasu sosai yana da zafi, a bar duk abin da ya jima a rana.

Hadisin nan ya warware batun alwala: ruwan tekun ya isa. Alƙibla ce ke ruɗar mutanenmu. Mun saba fuskantar gabas, amma Zanzibar kusan saitin kudu da Makka take, don haka arewa ake kallo. Ka tambayi nahodha, ko ka sa mafitar rana a damanka. In ranar Juma'a ce, ka sani shi ma yana son masallaci, wanda hakan ya yi daidai da lissafinka na dawowa kafin 12.

Komawa

Ka fara haɗa mutanenka minti 20 kafin lokacin da aka yanke, don tattara yara daga ruwa aiki ne. Duk abin da kuka zo da shi ku koma da shi, har bawon abarba da murfin gora. A zazzage aljihun yara: ƙwaryar dodon koɗi da gutsuren murjani ba a fita da su daga ƙasar ba tare da izini ba, kuma ba ka son a buɗe akwatinka a filin jirgi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Komawar takan fi zuwa jijjiga don iska ta tashi, a mayar da waya jaka, a koma tsakiya.

In inji ya tsaya, ka zauna. Yawanci datti ne a mai ko igiyar ciyawa ta naɗe farfela, kuma hanyar ba ta rabuwa da jirage. In an wuce minti 15 bai tashi ba, ka ce nahodha ya kira ɗan'uwansa ya ja ku, kai kuma ka kira direba da otal ka sanar. Awar nan da ka ware wa teku, ga ranarta.

Da kun taka gaɓa ka cika kuɗi, ka ɗora tukuici in an kyauta maka, ka ce "asante". Daga nan kai tsaye otal, ba tsayawa sayen zane a lungu. Ka ɗauraye takalmi da tabarau da ruwan famfo, ka yi wanka, ka matse jiƙaƙƙen kaya sosai don ruwa ma nauyi ne a ma'aunin kaya, ka sa su a saman akwati inda za ka fara cirowa in ka isa gida, in ba haka ba su yi wari su shafa wa tsaraba. Ka karɓi fasfo, ka buɗe shi ka ga hotonka ne ba na matarka ba, ka sa a aljihun gaba, sannan a kira mai kura.